Ƙirin Tasawa a Ruwan Kafanchan

Ni baduku ne, ɗan baduku, mutumin Tasawa ta ƙasar Nijar. Sunana Ilu. Na faɗi sana'ata kafin sunana domin akwai wasu watanni a rayuwata da ba wanda ya san ina da sana'a sai ni kaɗai, kuma labarin watannin nan zan ba ku. Wajen ƙarshen shekarun tamanin kasuwar fata ta mutu mana murus a gida, sai na ƙetaro Najeriya da buhu guda na aikin hannuna, matasai da jakunkuna da kuben wuƙa, ga zabirata mai basilla da zare rataye a wuya. Na bar matata Hadiza da goyo, na ce mata kafin yaron ya fara tafiya za ta ji labari mai daɗi.

Kano ce zangona na farko, kuma nan aka wanke ni tas. Wani mutum mai farar riga da tabarau ya tare ni a bakin tasha, ya duba ɗinkina yana kaɗa kai, ya ce ya san wani Bature da ke sayen irin wannan kaya ba ya ko tayawa. Ya kai ni wata ƙofa, ya ce Baturen ba ya son taro, in ba shi buhun in jira. Na jira tun hantsi har la'asar sakaliya. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a gefe ce ta gaji da kallona, ta ce, "Ɗan nan, wa kake jira? Wannan ai ba gida ba ne, lungu ne, ya ɓulle ta baya." Ta zuba mini ƙosai a takarda, ta ƙi karɓar komai. Ina ci ina hawaye, kuma wallahi ban bar ko ɓurɓushi ba.

Daga nan motar masu zuwa aikin citta ta kwashe ni zuwa Kachia. Dako na samu. Ba wanda ya tambayi sunana. "Buzu, ɗauki!" "Buzu, sauke!" Na yi bayani har na gaji cewa ni Bahaushe ne, kakan kakana ma Bahaushe, amma a wurinsu duk wanda ya fito daga Nijar Buzu ne. Hannun da ubana ya shekara goma yana koya wa riƙon basilla ya koma jan kunnen buhu. Tafina ya yi kanta, ya tsattsage, garin citta na shiga tsagar yana yi mini raɗaɗi. Wahala ba baƙuwata ba ce, amma ranar da na ciro basilla don in ɗinke bakin wani buhu na ga yatsuna sun kasa sarrafa ta, ranar na ji tsoro na gaske. Na ce a raina, in na ƙara damina guda a nan, dukanci ya bar ni ke nan har abada.

Sai karkare ya kama ni a babban yatsa. Ya kumbura har ba na iya riƙe loma. Wani abokin dako ya ce in je bayan kasuwa, akwai wata nas da ke zuwa da ɗakinta. Na ɗauka ba'a yake yi. Ashe gaskiya ne: ɗaki ne sosai, da ƙofa da taga, an ɗora shi a kan taya biyu, wata tsohuwar jif tana jansa. Su karaban suke ce masa. Wani kamfanin gyaran hanya ne ya bar shi da ya gama aiki, ita kuma Mama Rifkatu, ungozoma ce da ta yi ritaya, ta mai da shi asibitin tafi-da-gidanka. Tana bin kasuwannin ƙauye tana awon jarirai da allurar rigakafi.

Gajeriyar mace ce mai murya kamar ta mutum uku. Ta kama hannuna ta ce, "Kai, ɗana, kana jira yatsa ya faɗi ƙasa ne kafin ka zo? Kalli can, kar ka kalli wuƙa." Na kalli can. Abin da idona ya faɗa kai shi ne rumfar tamfol da ke manne a jikin karaban ɗin, ta yage gida biyu tun daga sama har ƙasa, kusurwoyinta sun cire, tana lilo kamar tsumma. Mata da jarirai sun yi layi cikin rana, wasu sun kifa kwanon sha a kan goyonsu. Har ta tsaga yatsan ta matse ban san an yi ba, ina can ina auna tamfol da ido.

"Mama, wa ya yi wa rumfar nan haka?"

"Iska. Ya ɗauke shi a hanyar Kagoma. Tela biyu sun gwada, keken su ya karye allura."

"Ba aikin keke ba ne. Aikin hannu ne. Zan iya."

Ta dube ni sama da ƙasa, ga riga duk garin citta. Sai idonta ya tsaya a kan zabirata. Ta jawo ta, ta bi ɗinkin da farce, ta ce wa ya ɗinka. Na ce ni. Sai ta ce, "In yatsa ya warke ka zo Kafanchan. In ka yi rumfa ya tsaya, baranda na gaban gida na yana kallon hanyar tasha, na ba ka ka zauna ka yi aikin ka. Direbobi duka suna wucewa ta wurin." Ban jira ya gama warkewa ba.

Kafanchan ta ba ni mamaki. Duwatsu kore shar, itatuwa har sun yi yawa, jirgin ƙasa na kuka safe da yamma. Ranar da na sauka Mama Rifkatu ta miƙo mini wuƙa da zakara, ta ce, "Yanka mana da hannun ka, don kai ma ka iya ci." Ta ba ni buta da tabarma, ta nuna mini gabas. Ban taɓa kwana gidan Kirista ba sai ran nan, kuma ban taɓa jin kunyar abin da nake zato a kansu ba kamar ran nan. Tuwon acca suka ba ni. Yana da daɗi, amma da na kai loma sai furar Hadiza ta faɗo mini a rai, sai da na ajiye hannu na ɗan lokaci.

Direbanta wani tsohon Ibo ne, Baba Okeke, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin reluwe kafin ya yi ritaya. Shi ya kawo mini tamfol ɗin wata babbar mota da wani ɗan cocinsu ya bayar kyauta, ya nuna mini wani dogon ƙarfe mai tsaga a jikin karaban inda ake zura bakin rumfa, da sandunan ƙarfe uku da ke riƙe ta daga waje. Daga nan ya ja kujera ya zauna yana kallona.

Na yi aikin yadda ake yi a garinmu. Na yanka tamfol ƙyalle biyu, na haɗa su baki da baki kamar yadda ake haɗa fata, na bi su da basilla mai kauri. Na daidaita sandunan tsayi ɗaya, rumfa ta shimfiɗu sumul kamar tabarmar liman. Igiyoyin tsohuwar rumfar kuwa na dube su na yi tsaki. Na tafi kwata na samo fatar bijimi, na yanka ta sili-sili, na murɗa ƙiri, wato igiyar ɗanyar fata. A Tasawa haka muke ɗaure komai: ka jiƙa ƙiri, ka ɗaura shi da danshinsa, rana ta busar da shi, ya ƙanƙance ya kama kamar ƙarfe. Akwai rumfar da kakana ya ɗaure da ƙiri, har na baro gida tana tsaye.

Baba Okeke ya taso ya shinshina ƙirin, ya ce, "Malam Ilu, wannan igiyan nama ne."

"Ƙiri ne, Baba."

"Ruwa zai zo, zai sha, zai kwanta. Kuma wannan rumfa naka ba shi da gangara. Ruwa zai bi ina?"

Ni kuwa a lokacin kaina ya riga ya kumbura. Wata bakwai ban ji daɗin aikina ba, ga shi yau hannuna ya dawo, wani direba zai koya mini ɗauri? Na ce, "Baba, kai mota ka sani, ni fata na sani. Kowa ya tsaya a nasa." Ya koma kujerarsa ya buɗe rediyo. Kwana biyu aka yi ana rana, ƙirin ya bushe ƙamas, in na taɓa shi har ƙara yake yi kamar tsirkiyar gurmi. Ina taɓawa ina satar kallon tsohon.

Fadan Kaje muka fara zuwa da sabuwar rumfa. Mata suka cika ƙarƙashinta suna yaba inuwa, ni kuma ina zagayawa ina gyaran murya don a san mai aikin yana kusa. Bayan azahar hadari ya haɗo. Ku gane, ni mutumin ƙasar da in ruwa ya sauko ake fita a tsaya a cikinsa ana godiya, kafin ka gama godiyar ya ɗauke. A wurinmu rumfa don rana ake yinta. Ban taɓa zama na yi tunanin rumfa da ruwa a lokaci guda ba.

Ruwan nan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya ƙi ɗaukewa. Da farko lafiya lau. Can sai na ga ƙirin ya fara yin fari, ya yi laushi, ya saki jiki. Tsakiyar rumfa ta fara yin ciki. Ɗinkin da na yi baki da baki ya shiga ɗiga a jere, kowace hudar basilla da nata ɗigon. Mata suka ja jarirai gefe. Cikin rumfa ya yi ta girma har ya kusa taɓa kan mutane. Wata tsohuwa ta ce bari ta taimaka, ta sa sandarta ta tokare shi. Sandar ƙarfe ta tsakiya ta zame, ruwan da ya taru gaba ɗaya ya juye a kan Mama Rifkatu da teburinta.

Sai wata mata ta ce, "Mama, an sake yi miki baftisma!" Wurin ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Ita ma Mama ta yi dariya tana matse ɗankwali. Ba yaron da ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige. Kamar abin bai isa ba, muna naɗe kaya sai ga karnukan gari sun jiyo ƙamshin jiƙaƙƙiyar fata, suka zo suna ja-in-ja da ni a kan ƙirina. Baba Okeke yana zaune a mota yana kallo, ko murmushi bai yi ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Da muka koma gida dariya ta ƙare. Mama ta baza katunan awon yara a kan tabarma tana ɗaga su ɗaya-ɗaya, wasu tawadar ta zube. Ta kira ni ta ce, "Ilu, matan nan daga nesa suke zuwa da yara a baya. In ruwa ya buge su sau ɗaya, za su yi dariya. Sau biyu, ba za su dawo ba, yara kuma ba allura. Tamfol da ya rage na gwaji ɗaya ne kawai. Nan da kwana shida muna zuwa Fadan Kagoma. In ba za ka iya ba, ka gaya mini gaskiya, in sa ka a motan Kachia, ba faɗa."

Motar Kachia. Na ji kamar an ɗora mini buhu a baya tun daga lokacin.

Washegari na sayi goro manya guda biyu, na tafi gidan Baba Okeke a unguwar ma'aikatan reluwe. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka rashin kunya. Ga goro." Ni a nufina goron ban-haƙuri ne, a karɓa a jefa aljihu. Ashe a wurinsu goro babban al'amari ne. Tsoho ya miƙe tsaye, ya kira matarsa ta kawo faranti, ya ɗaga goron sama ya shiga addu'a da yarensu. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, ina durƙushe har gwiwata ta sage, ina jin sunana yana fitowa jefi-jefi a ciki. Sannan ya fasa, ya ba ni ɓari, ya ci ɓari. Ya ce, "To, yanzu mun zama mutum ɗaya. Tashi mu je aiki."

Ashe shekara da shekaru aikinsa ke nan a reluwe, rufe taragun kaya da tamfol daga nan har bakin teku. Ya kai ni gindin ɗakinsa ya nuna mini kwanon rufi. "Duba. Na sama yana hawa kan na ƙasa. Ruwa yana gangara, ba ya ganin ƙofa. Haka za ka ɗinka." Ya sa muka jiƙa tamfol ɗin muka shanya tun kafin a yanka, don ya gama ƙanƙancewarsa. Ya sa na rage sandunan waje da taƙi biyu domin rumfa ta sunkuyar da kai. Ya kawo kakin zuma daga wurin wani mai amya, ya ce in murza zare a ciki, in kuma canza basilla zuwa siririya, kakin zai toshe hudar da kansa. Igiya kuwa ta roba ya kwance daga kayansa na da. Duk abin da ya faɗa na ce to. Ban taɓa cewa to da yawa a rayuwata kamar makon nan ba.

Sai da muka zo kan kusurwoyi, inda iska ta fara cire tsohuwar rumfar, sannan na ga ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce a reluwe zobban ƙarfe suke bugawa da inji, kuma injin ba ya nan. Na ce, "Baba, wannan ka bar mini." Ya harare ni ya ce, "Ba nama!" Na ce ba ɗanya ba, jemammiya. Na samo jemammiyar fatar akuya, na shafe ta da man kaɗanya har ta ƙoshi, na yanka ta na rungume kowace kusurwa ciki da waje, na bi ta da ɗinkin allura biyu irin wanda muke yi wa sirdi, na huda ido a tsakiya na zagaye shi da zare. Ya sa igiya a ido ɗaya, ya taka tamfol da ƙafa, ya ja da iyakar ƙarfinsa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ko motsi bai yi ba. Ya kira sunan Allah da yarensu, ya ce, "Chineke! Sake yi in gani." Ya jawo kujerarsa kusa, wannan karon don ya koya. Daɗin da na ji a ranar ba ya faɗuwa.

Kwana huɗu muka yi a kai. Yatsan da aka tsaga yana zugi, ban kula shi ba. Da na gama, hannuna ya ƙi zama, sai da na yi wa bakin rumfar 'yar kwalliya da jar fata. Mama ta gani ta ce, "Kwalliya ba ya tare ruwa fa." Na ce na sani, Mama, yanzu kam na sani.

Ranar kasuwar Fadan Kagoma gari ya waye da rana tarwai. Ni da na taso ina roƙon ruwa don gero, ran nan na roƙe shi don tamfol, ina kuma tsoron a amsa mini. Labarin baftismar Mama ya riga mu isa, don haka matan suka zauna a bakin-bakin rumfa, kowacce da shirin gudu. Wajen azahar iska ta taso, ta daki rumfar ta ɗaga ta, kusurwoyi suka riƙe. Sai ruwa.

Ya fi na Fadan Kaje ƙarfi. Na tsaya a waje cikinsa, idona a kan tsakiyar rumfa, ina jiran ciki ya fito. Bai fito ba. Ruwa na sauka yana gangarewa ta baki kamar labule. Baba Okeke ya fito daga mota, ya shiga ƙarƙashi, ya cire hularsa. Kansa sanƙo ne tal, ba gashi ko ɗaya. Ya sa sanƙon nan daidai ƙarƙashin ɗinki, ya bi shi a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ido rufe, mata na matsa masa hanya suna ƙunshe dariya. Ya je, ya dawo. Ya shafa kansa, ya ɗaga tafinsa sama ya nuna wa jama'a. A bushe.

Wata ta rangaɗa guɗa. Matan suka ɗauki waƙar coci suna tafi, masu kwano suka tara a bakin rumfa suna cika ruwa, 'yan kasuwa suka yi ta kutsowa neman mafaka har Mama ta fara korar maza. Ta ci gaba da awonta, katunanta a bushe, ta ɗago ta hango ni a cikin ruwa ta daka mini tsawa: "Ilu! Kai ka ɗinka rumfa kai kuma kake tsaye a waje? Shigo kafin ka ba ni aikin zazzaɓi! Baranda naka ne, ka ji?"

Na shiga ina ɗigar ruwa, bakina ya ƙi rufuwa. A cikin waɗanda suka fake akwai wani direban babbar mota, ƙato, ya daɗe yana murza kusurwar rumfar da yatsa. Ya tambayi Mama wa ya yi wannan aiki, ta nuna ni da biro. Ya matso, ya rage murya, ya ce, "Maigida, tamfol na ya yage wuri uku, masara yana jiƙewa. Yaushe zan kawo maka?"

Na juya in ga maigidan da yake wa magana. Ba kowa a bayana sai tayar karaban.

Na gyara tsayuwa, na dubi sama kamar mai lissafin ayyuka, na ce ya zo Talata, domin ranar Litinin ba ni da lokaci. Ya ce to, ya gode, Allah ya kai mu.

Ba abin da zan yi ranar Litinin. Na dai daɗe ina marmarin in faɗa wa wani haka.